Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan'uwana Masu Sayar Da Shayi Da Kafson Rage Ƙiba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiyoyi, yayyena da ƙannena masu wannan sana'a a WhatsApp da Instagram da TikTok, da ku maza masu shago da kyamis da kuke jera kwalayen a gaban kanta, ina gaishe ku, ina yi muku fatan kasuwa mai albarka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Da yawa daga cikinku na sani, wasu mun yi makaranta tare, wata ma a hannunta nake sayen turaren wuta da humra. Na san yadda rayuwa ta yi tsada, na kuma san cewa da ribar kwalin nan wata take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Saboda haka ban ɗauki alƙalami don in ci mutuncin kowa ba. Magana ɗaya ce ta dame ni, wadda kusan dukkanku kuke faɗa wa kwastoma, kuma ina so mu zauna a kanta.

Maganar ita ce: "Kar ki damu, alamar yana aiki ne."

Na karanta wannan jimlar da idona a wayar ƙanwata. Watanta huɗu da haihuwa, ga bikin ƙanwar mijinta ya matso, an fitar da anko, ita kuma tana ganin tumbin jego ya ƙi komawa. Ta ga hotunan "kafin" da "bayan" a status ɗin wata, ta tura kuɗi, aka aiko mata da kwalin shayi da 'yar robar kafso ta ɗan sahu. Ba ta gaya mini ba, don ta san abin da zan ce. A dare na tara da fara sha, bayan isha'i, mijinta ya kira ni ya ce in zo. Na tarar da ita zaune a bakin gado ta dafe ƙirji, gumi ya jiƙa mata riga alhali fanka na juyawa, hannunta na rawa har ba ta iya riƙe kofi. Na kama wuyan hannunta na ƙirga: 138 a minti ɗaya, kuma ba a jere yake tafiya ba, sai ya yi gudu ya tsallake ɗaya. Na ɗaura mata na'urar awon jini, ta nuna 168 bisa 104. Yarinyar da duk awon cikinta jininta bai taɓa hawa ba.

Tun kwana na uku ta rubuta wa mai kayan cewa gabanta na faɗuwa, bakinta na bushewa, ba ta barci. Amsar da aka ba ta ke nan: kar ta damu, alamar kitse na narkewa ne, ta ƙara shan ruwa kawai. Ta kuwa ci gaba har kwana shida a kan haka.

A asibiti aka yi mata awon zuciya na ECG, aka ɗibi jini, aka ga sinadarin potassium ɗinta ya yi ƙasa. Ta kwana biyu, Allah Ya taƙaita. Kwalin yana nan a durowata. Abin da aka rubuta a jikinsa shi ne ganyen shayi, citta, lemun tsami da "sauran ganyayyaki". Ni dai tun ina yarinya nake shan shayi da citta da lemun tsami, ban taɓa ganin sun hana mutum barci dare uku a jere ba, ko sun kashe masa sha'awar abinci har ya wuni bai tuna da tuwo ba.

Bari in faɗa muku abin da ke faruwa a jikin mutum, don na yi imani yawancinku ba a taɓa yi muku bayani ba. An dai ba ku kaya a sari da 'yan kalmomin talla. Maganin da zai rage nauyi cikin gaggawa hanyoyi kaɗan gare shi. Ko dai ya sa gudawa da yawan fitsari, ruwan jiki ya zube, sikeli ya nuna an ragu. Ko kuma ya zaburar da jiki, ya jefa shi cikin irin halin da mutum ke shiga idan ya firgita. Kun san yadda ake ji idan mota ta kusa kaɗe mutum: zuciya ta hau duka, baki ya bushe, gumi ya keto, yunwa ta ɓace. To wannan halin jiki kan shiga na minti biyu ko uku ya fita. Sinadaran zaburarwa kuwa riƙe mutum suke yi a cikinsa safe da dare. Shi ya sa ba ya jin yunwa. Amma a daidai lokacin zuciya na bugawa da sauri da ƙarfi, jijiyoyin jini sun tsuke, jini ya hau. Zuciyar da aka ƙara wa aiki tana buƙatar ƙarin jini don ta ciyar da kanta, ga shi jijiyoyin da ke kai mata jinin su ma sun matse. Daga nan ake samun ciwon ƙirji, ko bugun ya rikice, ko wata 'yar jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Don haka idan kwastoma ta ce gabanta na faɗuwa, gaskiya ne maganin na aiki, amma a kan zuciyarta yake aikin.

Abin ya fi muni idan aka haɗa hanyoyin biyu a kwali ɗaya, kuma haka ake yawan yi. Filasko da danginsa suna wanke ciki, tare da ruwan da ke fita potassium ma yana fita, shi kuwa da shi zuciya ke daidaita bugunta. Ka ɗauki zuciyar da aka rage mata potassium, ka kuma zabure ta da sinadari, ka ga an haɗa wuta da auduga. Abin da ya sami ƙanwata ke nan.

Na san amsar da za ku ba ni, don na sha jinta: "Namu ganye ne zalla, na gargajiya ne, ba shi da illa." Zaƙami ma ganye ne, kowa ya san abin da yake yi wa mai shansa. Kuma wannan maganar an riga an gwada ta a ƙasashen da suka fi mu kayan bincike, an ga ƙarshenta. Akwai wani tsiro da 'yan Sin suke kira ma huang, Turawa na ce masa ephedra, an daɗe ana amfani da shi a maganin gargajiyar Sin don asma da mura. A shekarun 1990 kamfanoni a Amurka suka mayar da shi maganin rage ƙiba, sau da yawa haɗe da kafeyin, ana sayarwa a kanti ba tare da takardar likita ba, da sunan ai ganye ne. A 2000 wasu likitoci biyu suka bi diddigin rahotanni 140 na waɗanda suka sami matsala bayan shansa; cikin waɗanda aka danganta da maganin, mutum 10 sun mutu, 13 sun nakasa har abada, kuma hawan jini da rikicewar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne kan gaba. Duk da haka aka ci gaba da sayarwa. Sai a Fabrairun 2003, wani matashin ɗan wasan besbol na ƙungiyar Baltimore Orioles, Steve Bechler, mai shekara 23, ya faɗi a filin atisaye a jihar Florida, zafin jikinsa ya kai 42, ya rasu washegari. Yana shan ephedra ne don ya rage nauyi, kuma likitan da ya binciki gawarsa ya ce maganin na da hannu a mutuwar. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta shi a irin waɗannan kayayyaki. Ɗan wasa ke nan mai jini a jika, a Florida cikin Fabrairu. Ku kwatanta da matar da ke tsaye a kan murhu a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, zafi ya haura 40, wataƙila ma tana azumi, ta sha kafson da sahur.

Da aka hana ephedra masu kamfani ba su tuba ba, canza riga suka yi. Aka koma kan sinadarin synephrine da ake samu daga ɓawon wani lemu mai ɗaci, wanda a ƙira ɗan'uwa ne ga ephedrine, sinadarin da ke cikin ephedra. Aka zo da wani sinadarin zaburarwa mai suna DMAA, aka ce daga wani fure aka tatso shi. Shi ne aka samu a jinin Claire Squires, 'yar shekara 30, wadda ta faɗi ta rasu dab da ƙarshen gudun fanfalaki na Landan a 2012.

Amma wanda ya fi tsorata ni shi ne sibutramine, domin shi ba a rubuta shi a kwali. A da magani ne na asibiti sosai, likitoci ke rubutawa, ana sayar da shi da sunan Meridia a Amurka, Reductil a Turai. An yi babban bincike a kansa mai suna SCOUT da mutum kusan 10,000 masu ƙiba waɗanda ke da ciwon zuciya ko ciwon suga, aka ga haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 16 cikin 100 a wajen masu shansa. A 2010 Turai ta dakatar da shi, Amurka ma aka janye shi daga kasuwa. Tun daga lokacin hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban suke ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da kafson rage ƙiba masu hoton ganye a jiki, wani lokaci tare da phenolphthalein, maganin wankin cikin da shi ma aka daina amfani da shi saboda fargabar kansa. Lokacin da yake hannun likita, akwai ƙa'idar adadi, ana auna jinin mutum kafin a ba shi, ana hana mai ciwon zuciya, duk da haka aka ga bai kamata a bar shi ba. Yanzu kuwa wani ne a wata masana'anta da ba ku san inda take ba yake barbaɗa shi cikin garin ganye, wannan kafso ya sami kaɗan, wancan ya sami ninki. Alamominsa kuma su ne bushewar baki, rashin barci, saurin bugun zuciya, hawan jini da ɗaukewar yunwa. Ku koma ku karanta saƙonnin kwastomominku.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke sauraron labaran Faransa za su tuna da shari'ar Mediator, maganin da aka sayar daga 1976 zuwa 2009, aka riƙa ba mutane don kashe yunwa, ya lalata ƙofofin zuciyar ɗimbin mutane. Wata likita a garin Brest, Irène Frachon, ita ta dage har aka janye shi, kuma a 2021 kotu a Paris ta sami kamfanin Servier da laifi. Kafin shi an yi na fen-phen a Amurka, aka janye a 1997 kan irin wannan ɓarna. Duk waɗannan da rajista da lamba da komai.

Yanzu in zo gida, inda nake ganin haɗarin ya fi na can. Kafin a sayar wa mutum abin da ke hawar da jini ya kamata a san jininsa a ina yake. Ƙiyasi ya nuna kusan babba ɗaya cikin uku a Najeriya na da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Mu nan sai ciki ko rashin lafiya ke kai mace gaban na'urar awo, maza kuwa wasu tun da aka haife su ba a taɓa ɗaura musu ita ba. Sannan ku duba su wa ke sayen kayanku: masu ƙiba, waɗanda dama su ne hawan jini da ciwon suga suka fi kamawa. Wato mutumin da ya fi kowa buƙatar a kiyaye masa zuciya shi ne kwastomanku na farko.

Sai masu jego, waɗanda kuka fi yi wa talla da "gyaran ciki bayan haihuwa". A nan nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau. Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, naman zuciyar ya saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, aka biyo baya da bincike a Sakkwato da Kano, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya baki ɗaya. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin mata ta san su: mai jego ta zo ƙafa a kumbure, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tari ya hana ta barci. Da yawa a farkon ciwon ba su san suna da shi ba. Sun ga jiki ya kumbura, ciki ya ƙi sauka, sai su ɗauka ƙibar jego ce, alhali ruwa ne ya taru saboda zuciya ta gaza. Irin wannan matar ce za ta ga tallanki da ƙarfe ɗayan dare tana shayarwa, ta tura miki kuɗi. Ke ba ki gan ta ba, ba ki ga ƙafarta ba, ba ki ji hakinta ba. Abin da kika gani alat ne. Kuma kar mu manta da jaririn, kafeyin na bin nono.

Tunda na ambaci kafeyin: babba mai lafiya ana ganin miligiram 400 a rana shi ne iyaka, mai ciki kuwa 200. Kafson da aka cusa wa garin guarana (wani tsiro mai yawan kafeyin) da tataccen koren shayi da kafeyin zalla ba ya shiga jiki shi kaɗai a ƙasar nan. Yana tarar da goro, yana tarar da shayin safe ko ataya, da Nescafé, da lemon ƙarin kuzari na gwangwani. Idan mura ta kama mutum ya je kyamis ya sayo maganin toshewar hanci, shi ma akwai mai tsuke jijiya a ciki. Idan kuma akwai sibutramine a ɓoye, ga mutum na shan tramadol ko maganin ciwon damuwa, haɗuwarsu kaɗai na iya kai shi ɗakin gaggawa. Wa ya taɓa tambayar kwastoma wane magani take sha kafin ya ce a turo adireshi?

Wasu cikinku za su ce kayansu na da lambar NAFDAC. Madalla, ya fi babu. Amma ku san abin da lambar take nufi. Magungunan ganye yawanci jera su hukumar take yi, lambarsu ta ƙare da harafin L, kuma shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Sannan buga lamba a kwali ba wuya gare shi, duk mai injin ɗab'i zai iya. Hukumar na da rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook, inda za ki saka lamba ki ga ko sunan kayan ya fito. Minti biyu ne. Wadda kuma take sayo gari a buhu ko kafso a leda ta zuba a robarta, ta manna sunanta da lambar wayarta, ta sani cewa ta ɗauki nauyin abin da ke ciki a wuyanta, ko ta san shi ko ba ta sani ba.

Mun taso muna jin labarin mai hatsin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin kayansa ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya sa bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ni ban ce kuna algus da gangan ba. Na fi zaton ku ma an yi muku ne daga sama. Sai dai akwai danshin da ke hannunku: saƙonnin nan na masu cewa jiri, faɗuwar gaba, ciwon kai, waɗanda ba sa taɓa fitowa a status. Na "Hajiya na rage kilo biyar, Allah Ya saka" kaɗai ake ɗorawa.

Ba na tsammanin wasiƙa ɗaya za ta rufe kasuwar nan, don haka ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Ku goge jimlar nan daga bakinku. Duk wadda ta ce gabanta na faɗuwa, ko ƙirjinta na ciwo, ko tana haki, ko kanta na sarawa sosai, ko ta ji jiri har ta kusa faɗuwa, ku ce ta daina nan take ta je a auna ta, ta tafi da kwalin a hannu ta nuna wa likita. Idan baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, wannan ba na jira zuwa safe ba ne, asibiti ne a daren. Kar ku sayar wa mai ciki, mai shayarwa, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko yarinyar da ba ta kai 18 ba, ko da ta roƙe ku. Na'urar awon jini ta batir ba ta kai kuɗin kwali goma ba. Mai shago ya ajiye ɗaya a kanta, wanda ya nuna 140 bisa 90 ko sama, ko bugunsa ya haura 100 yana zaune, a mayar masa da kuɗinsa. Kayan da babu cikakken jerin abin da ke ciki, ko aka rubuta da yaren da ba ku iya karantawa, ku mayar wa dila. Idan kuma mutum biyu ko uku suka kawo kuka iri ɗaya kan kaya ɗaya, ku tsayar da shi ku kai rahoto. NAFDAC na da manhajar Med Safety don irin wannan, kuma kowa na iya turawa.

Ku kuma masu mabiya dubu ɗari da ake biya ku ɗaga kwali a gaban kyamara, ku ce da shi kuka rame, ku ma da ku nake. Yarinyar da ke kallonku ta yarda da ku fiye da yadda ta yarda da ni da fararen kayana.

Ƙanwata ta je bikin. Tela ya buɗe mata rigar ankon da inci biyu, babu wanda ya lura. Kilo ukun da ta zubar cikin kwana tara sun dawo kafin wata ya ƙare, dama ruwa ne. Yanzu tana zagaya unguwa da maƙwabciyarta bayan asuba, ta rage lemon kwalba, nakan auna ta duk Juma'a idan na je gida, jinin ya koma 118 bisa 76. Wadda ta sayar mata na kira ta, muka yi magana ta fahimta, ta ce wallahi ita ma tana sha, kuma ita ma takan ji faɗuwar gaban. Na ce ta zo in auna ta. Har yau ina jiranta.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
Ma'aikaciyar jinya, Kano.